Kwanon Dambunki Yana Wurina

Zuwa ga Zuwairatu, inuwar tsamiyata da tsakar rana, ruwan randata mai sanyi, furen kabewar da ke buɗewa da sassafe,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fatan kin tashi lafiya. Yaya Batsari, yaya baƙunta? Ki miƙa gaisuwata ta girma ga Yaya Zainulabideen da iyalinsa, Allah ya saka masa da alherin riƙon da yake yi miki.

Mu nan Runka sai godiya. Gero ya nuna, mun yanke na kusa da gari, na nesa kuwa mun bar wa Allah. Tun da aka rufe layin waya shagon cajina ya zama kango. Ba waya, ba samari, janareta ma na lulluɓe shi da buhu. Nakan zauna a kan benci in yi ta kallon gindin dalbejiyar nan inda kike sayar da dambu. Duwatsun murhunki suna nan yadda kika bar su, ciyawa ta fito a tsakaninsu. Wayyo Zuwairatu! Wa zai gaya wa ciyawa cewa wurin nan yana da mai shi?

Kin tuna yadda hirarmu ta fara? Kika miƙo mini dambu kika ce, "Malam Yusha'u, kai da ka yi sakandare, wai da gaske ne Turawa sunan gauraka suka ba injin nan mai ɗaga kaya, kiren?" Na ce da gaske ne, dogon wuyansu aka duba. Kika yi dariya har kika riƙe ciki, kika ce, "Ashe Bature ma talaka ne, riga ɗaya yake raba wa mutum biyu!" Tun daga ranar kullum da kalmar da za ki kawo mini, ko daga rediyo, ko daga bakin ƙanwarki Lubna idan ta zo hutu. Ni kuma in koma gida in buɗe tsohon ƙamusuna don kada in gaya miki abin da ba daidai ba. Na gaya miki sifirin ɗin da ke ƙarƙashin kujerar babur sunansa ɗaya da marmaro, ɗaya da lokacin da itatuwa ke toho a ƙasarsu. Na gaya miki ɓawon itace da haushin kare duk bak ne a wurinsu, kika ce to idan kare ya yi haushi a gindin itace sai ta yaya za su ba da labari?

Akwai ranar da ban manta ba. Lubna ta ce samarin birni ɗan tsako suke kiran budurwa da Turanci. Kika dube ni kika ce, "To mu zawarawa fa, Malam? Kaji ne ke nan?" Kika tsaya kina jira. Ni kuwa sai na sunkuyar da kai na kama gyara wayoyin caji waɗanda ba abin da ya same su. Amsa tana bakina, ya hasken idona! Da na ce ke gauraka ce, mai tafiyar natsuwa a bakin fadama, wadda idan ta tashi duk tsuntsaye sukan yi shiru. A littafin da nake rubuta abubuwan yini kaɗai na iya faɗin haka, kuma ko a can sai da na soke na sake.

Jiya Salmanu direban a-kori-kura ya iso da saƙon bakinki. Ya ce kin ce a tambayi Malam ma'anar gos, don Lubna ta ce abin da na yi miki ke nan. Ban buƙaci ƙamus ba. Fatalwa ce. Yaran yanzu kuma haka suke kiran mutumin da ya saba da ke, sannan ya ɗauke ƙafa ba sallama. Ni ne fatalwa, Zuwairatu? Ni da ko na ɗaga lauje fuskarki nake gani a tsakanin karan gero? Salmanu bai tsaya nan ba. Ya ce wani mai sayar da hatsi a Batsari ya tura magabatansa wurin Yaya, shi kuma Yaya ya ce zawara ita ke da bakinta, zai ji daga gare ki da an gama girbi. Da na ji haka sai na ɗauko takarda da biro.

Bari in gaya miki abin da ya riƙe ni. Ranar da aka ji harbi ta wajen gonaki, kin aiko mini dambun zogale a kwanonki mai murfi, mai zanen shuɗin fure. Gari na wayewa kuka hau mota kuka gudu Batsari. Kwanon ya rage a hannuna, kuma kin san ba a mai da kwanon mutum wayam. Na wanke shi, na zuba gyaɗa, sai na ga gyaɗa ai kowane maƙwabci yana iya bayarwa, na juye. Na nemo zuma, sai na ji tsoron kada Yaya ya ce rawar kaina ta yi yawa. Salmanu ya yi ta zuwa yana komawa, ni ina nan ina auna abin da ya dace. Nakan tambayi kaina, me mai shagon da ya mutu zai ba macen da ta riga ta sha wuya? Ke da kika binne miji, kika bar murhunki, in ce ki dawo garin da ake kwana da takalmi a ƙafa? Ban ce ki dawo ba. Idan kin yarda, ni zan biyo ki da janaretana, duk inda Yaya ya ga ya dace.

Ga kwanonki nan tare da wannan takarda. Sabon geron gonata ne a ciki, ni na sussuka shi da hannuna. A samansa na ɗora goro, ke kuma kin san abin da goro ke faɗa, ma'anarsa ɗaya ce tal. Idan zuciyarki ta karɓa, ya sanyin raina, ki ba Salmanu kwanon ya dawo mini da shi, ko da dambu cokali ɗaya ne a ciki. Ranar da ya iso, ranar zan je in durƙusa gaban Kawuna ya shirya zuwa Batsari. Idan kuwa ba haka ba, ki riƙe kwanonki, dama naki ne. Ba wanda zai san komai, maƙwabci ne ya mai da abin maƙwabciyarsa.

Zan zauna a kan bencin nan ina sauraren ƙarar motar Salmanu. Ko ya sauko da kwano ko ya sauko hannu sake, babu wadda za ta hura wuta a murhun nan ina raye sai ke.

Naki har ranar da za a ɗauke ni a makara,
Yusha'u mai caji, Runka.