Na Ga Baba a Cikin Tabarau

Maigatari, ranar Asabar

Zuwa ga ƙanena Zayyad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya dafa maka a karatunka can Malesiya. Mu ma lafiya lau. Inna ta fita takaba, ƙafarta da sauƙi, an kuma gama yankan gero a Ɗanzomo.

Wata magana ce ta hana ni sukuni, kai kuwa kwamfuta kake karanta. Kafin rasuwar Baba, 'yan wani kamfani suka zo kasuwar dabbobi da kyamara mai idanu ta kowace fuska, suka yi Alhamis uku suna ɗaukar rumfuna da shanu da mutane. Suka ce za su harhaɗa hotunan su gina kasuwar a cikin na'ura, yadda mai sayen sa a Legas zai sa wani tabarau ya ga kansa a tsakiyar kara, ya zaga dabba, ya yi ciniki, ba tare da ya tako garinmu ba. Baba ya yi dariya ya ce a ɗauke shi, ya dangwala yatsa a takardarsu.

Shekaranjiya suka dawo nuna aikin. Na bar tukunyar tuwon da nake sayarwa, na bi layi, aka ɗaura mini tabarau ɗin. Zayyad, duk inda na juya kai kasuwa ce, har kukan raƙuma. Da na waiwaya hagu sai ga Baba a rumfarsa ta dillalai, da hularsa mai ɓarin baki, yana gyara igiya. Na miƙa hannu, na dafa iska. Ban san ina kuka ba sai da aka cire mini. Na roƙi a ba mu wannan ɓangaren, jami'in kamfanin ya ce hoton mallakarsu ne, mai son shiga sai ya biya duk wata. Har ya ƙara da cewa nan gaba za su iya sa mutanen ciki su faɗi sabuwar magana da muryarsu. Wace magana za a sa a bakin mahaifinmu?

Maigidana Haladu ya kasa cin abinci. Ya ce kamfani zai ci la'ada a kan kowane sa, masu sayar da data su ci nasu, dillali da direba da mai tuwo irina kuma mu zama ado a bango. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Amma Nura, ɗan Kawu, yana ganin makiyaya za su samu farashi mai kyau, ni kuma na rasa wanda zan gaskata.

Ga hoton takardar da Baba ya dangwala wa yatsa na haɗo maka. Don Allah ka karanta ka gaya mini abin da ya sayar. Ka yi sauri, domin labari ya kai kunnen Inna. Jiya ta fito da mayafinta na unguwa ta wanke, ta ce ranar Alhamis in kai ta kasuwa ta gaida Baba.

Haladu da 'ya'yanmu Kyauta da Halimatussa'adiya suna gaishe ka, Kawu na Gumel ma ya ce a miƙa gaisuwarsa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya dawo mana da kai lafiya.

Yayarka,
Sabuwa