Ba Robar Bokiti Ba Ce

Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi, ya sa kaffara ne. Ni ma lafiya lau, sai dai kewa.

Saƙonki ya iso, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Kin ce likita zai dasa wa Inna ɗan bututu a hannu don a riƙa yi mata wankin ƙoda ta nan, amma da ta ji na roba ne sai ta janye hannunta, wai ita ba bokiti ba ce da za a yi mata faci. Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, na waiga babu wanda zan ba labarin, sai dariyar ta koma hawaye.

Yaya, laifin kalmar ne. Mu komai roba ne, takalmi roba, buta roba. Wannan daban take. Shekara shida ke nan a masana'antar da nake aiki ina gaban injin da ke yanka irinta, fara fat, ga santsi kamar sabulu. Da ita muke lulluɓe cikin bututun da ke ɗaukar ruwan guba mai cin ƙarfe, ko launi ba ta canzawa. Zafin da zai narkar da buta bai dame ta ba. Ba ta tsatsa, ko gam ba ya kama ta. Jikin mutum ma ba ya faɗa da ita, shi ya sa likitoci suke aiki da ita. Ban ce babu wahala ba, amma ba za ta tsage kamar bokitin da rana ta cinye ba.

Don Allah ki karanta mata wannan a hankali. A nan ƙasar mutane daga inji sai ɗaki, ina kwana uku ban buɗe baki da Hausa ba. Kiran da take yi min ran Asabar, tana faɗan na ƙi aure, shi nake jira duk mako. Ki ce mata ba likita ke roƙo ba, Autanta ne. Ta miƙa hannun, don ba ni da wani mai kirana.

Ki gaishe min da Kawu Direba, da Gwaggo Mai Ɗinki, da 'yan biyu.

Ƙaninki,
Auta