Inuwar bokitin feloda ta hana ni sukuni

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya ɗaure.

Ni direban feloda ne, motar da ke loda wa tifa yashi, muna aiki a wani rami tsakanin Daura da Mashi. Motar ta kawuna ce, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni, shi ya koya min tuƙin. Matsalar ita ce hannun da ke ɗaga bokitin ɗiban yashi ya daɗe yana yoyon mai, sil ɗin da ke tare man ya cinye, tiyo ɗaya ma da roba da waya muka ɗaure shi. Maimakon man haidirolik da ke riƙe hannun, Kawu baƙin man da aka juye daga inji yake sa in zuba, wai mai ai mai ne. Yanzu in ka ɗaga bokiti ka kashe mota, a hankali yake saukowa da kansa.

To ramin nan ko bishiya ɗaya babu. Al'adar wurin, in rana ta take sai a ɗaga bokiti sama, leburori su shiga inuwarsa su ci abinci su yi Azahar. Na fara ajiye shi a ƙasa, suka kai ƙarata wai rowar inuwa nake musu. Kawu ya kira ni ya wanke ni tas, ya ce tun kafin in iya wanka ake zama a wurin, kuma in kwanan mutum bai ƙare ba ƙarfe ba ya kashe shi. Na kai kukana wajen Inna, ta ce in rufa mata asiri kar in haɗa ta da ɗan'uwanta.

Ranar Laraba bokitin ya zube kusan kamu guda lokaci ɗaya, wani dattijo cikin leburorin yana sujada a ƙarƙashi. Ya ɗago, ƙarfen ya goge masa hula. Dariya aka yi. Ni kuwa har yanzu tsoro nake ji, kuma na gaji.

Na so in ajiye makulli in tafi. Amma a duk ramin ni kaɗai nake tsayawa a rana ina kallon hannun nan in yi musu ihu. Wanda Kawu zai kawo bayana, inuwar zai shiga shi ma.

In zauna har abin ya faru a hannuna, ko in tafi in ji labari? Ya zan yi?