Ba Zan Nuna wa Baffa Dutsen Rema Ba

Anti Laraba, don Allah ki taimake ni da shawara kafin bakina ya ƙara jawo mini wata rigimar.

Ni malamin firamare ne a Dutse, amma ɗan wani ƙauye ne kusa da Kiyawa. Shekara uku ke nan da na sayi tsohuwar kyamara. Tun daga nan, duk Asabar ɗin lokacin sanyi, ina idar da sallar asuba sai in hau duwatsu. Yatsu su ƙage, hanci ya yi ta zuba, ni ko a jikina. Wasu na cewa aljanun dutse ne suka kira ni. Su yi ta faɗa. Hotunana sun haura dubu huɗu, na fitowar rana, na shaho, na fakara, na birai. Amma abin da ya fi kama raina shi ne rema, 'yar dabbar nan mai kama da zomo marar dogon kunne. In sanyi ya yi sanyi sukan jeru a kan dutse suna shan hantsi, kamar tsofaffi a ƙofar gida.

Bara na yi wauta. Na ɗora hotonsu a Fesbuk, a bayansu kuma akwai wata tsamiya da tsawa ta tsaga biyu. Ni a ganina ado ta ƙara wa hoton. Baffa Gwadabe, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana, shi ne shugaban 'yan farautar ƙauyenmu. Ana nuna masa hoton a waya ya gane tsamiyar. Sati bai zagayo ba suka dira da karnuka da gorori. Rema goma sha tara na sani a wurin, yau ko ɗaya babu. Ban ɓoye miki ba, na zauna a gindin tsamiyar na yi kuka.

Bana na gano wani gidan remar can nesa, ban ɗora komai ba, amma zance ya kai kunnen Baffa. Ya kira ni zaure a gaban yaransa ya ce in kai su. Na ce ba zan kai su ba, har na ƙara da cewa farauta irin tasu ɓarna ce. Nan take ya ce ba zai je Ringim nema mini auren Afra'u ba, alhali iyayenta sun ce mu turo magabata nan da mako biyu.

Anti, ina son Afra'u, Allah ya sani. Amma ko za a fasa, ba zan nuna dutsen nan ba. Kowa a gida ya ce in ba da haƙuri. Haƙurin me? Ni na kashe remar?

Mai Kyamara, Dutse

Ƙanena Mai Kyamara,

Kada ka nuna dutsen. A nan ina bayanka, kuma ka je ka cire tsohon hoton nan yau. Nan gaba duk abin da za ka ɗora, ka yanke bishiya da duk wata alamar da maharbi zai gane.

Sai dai ka tambaya ko kai ka kashe su. Ba kai ka jefa gora ba, amma kai ka nuna hanya, kuma ina jin rabin fushin da kake yi da Baffa da kanka kake yinsa. Shi farauta ya gada, da ita ya sa nama a miyar da ka ci ka girma. Wa ya koya maka lafewa a bayan dutse har dabba ta manta da kai? Ba a makaranta ka koya ba. Sai ga shi ka kira sana'arsa ɓarna a gaban yaransa. Abin da ya ƙona masa rai ke nan, rema ta biyo baya. Shi ma bai kyauta ba da ya ɗaure aurenka da zancen farauta, amma dattijon da aka kunyata a zaurensa da abin da ke hannunsa yake ramawa.

Ka samu wata gwaggonka da yake jin maganarta ta shige maka gaba. Ka je lokacin da yake shi kaɗai, ka durƙusa, ka nemi gafarar kalmar da ka faɗa, ita kaɗai. Sannan ka gaya masa goma sha taran nan babu ko ɗaya, ka roƙe shi a bar wa daji iri. Tsohon maharbi ya fi ka sanin ma'anar wannan. Afra'u kuma ta ji labarin daga bakinka tun yanzu. In ya dage, wani babba a dangi zai iya zuwa Ringim, amma kada ka fara da nan.

Abu na ƙarshe. Ka ce hotunanka sun haura dubu huɗu, ka lissafo shaho da birai, ban ji ka ambaci Baffa ba. Ka tafi da kyamarar, ka ɗauke shi da gorarsa da karnukansa, ka wanko babba ka kai masa.

Allah ya huci zuciyarsa, ya kai ku Ringim tare, ya bar remarka tana shan hantsi.

Anti Laraba