Ƙararrawar Tsallaken Kogi

Wissenrod, Maris 1963

Yaya Volkmar,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Hiltrud da yara. Yaya zafin Adelaide? Mu nan ƙanƙara ta narke, kogi ya cika har yana lasar gadar dutse.

Hankalina a tashe yake, Yaya. Hasumiyar cocinmu ta tsage. Ka tuna 'yar tsagar nan ta wajen maƙabarta da muke cusa yatsa muna yara? Yanzu hannuna duka shiga yake. Mutanen hukuma sun ce tsoffin ramukan gishirin da ke ƙarƙashin tudun ne suke zaftarewa. Sun datse ƙofa da kwaɗo, wai ko sau ɗaya aka kaɗa Kaka, babbar ƙararrawarmu, hasumiyar za ta iya rufto wa gidan su Frieda da ke gindinta.

Ga Baba a kwance tun Kirsimeti, likita ma ya daina ba mu baki. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana jan igiyar Kaka! Ba wanda ya rasu a garin nan bai kaɗa masa ba washegari da safe, sau uku in namiji ne, sau biyu in mace. Kullum maganarsa ɗaya: "Ranar tawa a ja da kyau. Kada ku ba maƙwabcinmu Ottmar igiya, hannunsa kamar dafaffen dankali."

Ban gaya masa ba. Jiya da tsakar rana ya ce, "Irmtraud, kunnena ne ya mutu? Ban ji sha biyu ba." Na ce iska ce ta kwashe. Me zan yi?

Ƙanwarka,
Irmtraud

Adelaide, Afrilu 1963

Irmtraud,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso. Muna lafiya.

Kada ki gaya masa. Ki rufe taga, ki ce sanyi. Mara lafiya ba ya bukatar labarin gini.

Hiltrud ta ce me zai hana a roƙi mutanen garinsu, Kaltenau, su kaɗa masa tasu in lokaci ya yi, tunda wanta Alois ne ke riƙe da igiya. Na ce ta rufa mana asiri. Baban da ya ƙi tsallaka gada ranar aurenmu don su Katolika ne? Har gobe ɓarayi yake kiransu, wai ƙararrawarsu ƙanwar Kaka ce, kakanninsu suka sauke ta daga hasumiyarmu lokacin yaƙin addini. Ko sun yarda ma, tudun kurangar inabi ya tare tsakani. Ba a jinta a wajenmu sai iska ta taso daga yamma. Kin tuna abin da yake cewa: "Ɓarayi sun yi magana, ku kwashe shanya, ruwa na tafe."

Ki daure. Ki gaishe shi, in zai amsa.

Yayanki,
Volkmar

Wissenrod, Mayu 1963

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Dabararka ta rufe taga ko mako ba ta yi ba. Kai da kake can ƙarshen duniya, ba da umarni ba ya maka wuya!

Ina ba shi miya ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Ina jin cokali in ya faɗi a kicin. Ina jin karen Ottmar. Kaka ce kaɗai ba na ji? Ke kika haife ni?" Sai na fashe da kuka, na gaya masa komai. Ya ce, "Ashe shiru za a binne ni, kamar baƙon da kogi ya kawo." Tun ranar ya juya fuska bango. Tsoro nake ji, Yaya, kada ya tafi da wannan a ransa.

To, na tsallaka gada. Na sami Alois yana faskare, ko gatarin bai ajiye ba. Ya ce, "'Yar Gottlob a ƙofata? Kin zo karɓar ƙararrawarku ne?" Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce tun da aka rataye ta a hasumiyarsu ba ta taɓa yi wa ɗan cocinmu kuka ba, kuma sai abin da Fada, limamin cocinsu, ya ce. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Da na gaya wa Baba, ya ce, "Gara shirun." Ina kwashe kwano kuma ya ce, "Kin ga ƙararrawar? Suna shafa wa ƙarfen da take lilo a kai mai kuwa? Waɗannan ba su san darajar abu ba."

Kullum da safe sai na duba zakaran ƙarfen nan na kan rufin makaranta, mai nuna inda iska ke tasowa. Gabas, gabas, kullum daga gabas.

Ƙanwarka,
Irmtraud

Adelaide, Yuni 1963

Irmtraud, ƙanwata,

Gaisuwa. Ki yafe mini, ke kaɗai kike ɗauke da wannan kaya.

Hiltrud ta rubuta wa Alois, shiru har yau. Aiki ya gagare ni. Duk cocin da ya kaɗa a garin nan sai gabana ya faɗi. Ki ce wa Baba ni ne ya koya wa riƙon igiya, kuma ban manta ba.

Yayanki,
Volkmar

Wissenrod, Yuli 1963

Yaya,

Ina gaishe ku. Ka yi haƙuri, Baba ya rasu ranar Talata. Saƙonka ya riske shi, ya gyaɗa kai.

Da yamma na aika Kaltenau, ba amsa. Laraba da safe duk gari suka fito dandalin coci, don ba wanda ya iya zama a ɗaki. Muka tsaya gaban ƙofar da aka datse, ko ganye ba ya motsi. Na sadaƙar.

Sai na ji gefen mayafina ya ɗaga, iska ta juyo daga yamma. Daga bayan tudu muryar ƙararrawa ta taso, siririya, kamar za ta yanke. Ta yi shiru, ta sake. Ta yi shiru, ta sake, na uku. Ottmar ya cire hula ya ce, "Muryar Kaka ce sak. Kuma wanda ke ja ya iya."

Frieda tana share hawaye ta ce, "Ku kwashe shanya."

Ba wanda ya motsa. A nan ruwan ya same mu.

Ka gaishe da Hiltrud.

Irmtraud