Masu Jaz da Kalangun Baba Tanko

Daren Alhamis, Gaya

Barci ya ƙi zuwa. Ni na ɗauko masu kiɗan jaz daga Kano don liyafar auren ƙanwata Hadiza, na manta shaf da Baba Tanko, makaɗin gidanmu tun auren Baba. Ɗazu ya zo ƙofar gida, kalangu a hammata, ya ƙi zama.

"Ɗana, an ce ka kira masu busa ƙarfe. Sun san sunan kakanka?"

Na hau kame-kame.

"Ba komai," in ji shi. "Gobe ina nan tafe, ko ba gayyata."

Inna ta ce in je in ba shi haƙuri, na ce Allah ya kiyaye. Yanzu ga gabana yana faɗuwa. Gobe sunana zai shiga waƙa a gaban surukai, ban dai sani ba, kirari ne ko zambo.