Kwalin Littattafanki da Tarin Kumatu

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, ya kuma sauƙaƙa miki zaman nesa. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa da kanta, Baba kuwa yana nan yana faɗa da rediyonsa kamar yadda kika bar shi. Maigidana yana shagonsa na gyaran agogo, ya ce in miƙa miki gaisuwarsa tun kafin in manta. Da ma a waya zan yi miki maganar nan, amma na san da na ji muryarki zan kasa, shi ya sa na ɗauki biro.

Maganar takwararki ce, Kumatu. Kin san tun da ta cika shekara biyu take fama da atishawa da majina, idanunta su yi ja, ga ƙuraje masu ƙaiƙayi a lanƙwasar hannunta. A watannin nan abin ya ƙaru, har idan tari ya taso mata sai in ji numfashinta yana fito. Kowa ya zo dubiya da nasa fassarar. Surukata ta ce ƙwai ne, na hana ta ƙwai. Maƙwabciyarmu ta rantse madara ce, na ɗauke madara. Daga nan gyaɗa ta bi, kifi ya bi, har kumatun da aka yi mata laƙabi da su suka fara zubewa, babanta yana tsokanarta wai za a karɓe sunan a ba wata. Yana dariya, amma na ga idonsa. Ni kuwa duk sanda tarin ya matsa mata da rana, sai in ɗora ta a cinyata, in jawo littafi daga kwalin da kika bar mini a ƙarƙashin gado, in yi ta karanta mata har barci ya ɗauke ta. Ba ta gane labarin, muryar kawai take so, kuma ita ce mai juya mini shafi.

Makon jiya likitan yara ya tura mu a yi mata gwajin borin jini, wanda su suke kira alaji. Sun ce a dakatar da maganin ƙaiƙayinta kwanaki kafin ranar, don kada ya ɓoye gaskiya. Ɗakin gwajin ƙarami ne, da kujera mai tsayi da hoton agwagi a bango. Nas ɗin ta zana lambobi da biro a hannun Kumatu, ta ɗiga wani ruwa a gefen kowace lamba, sannan ta ɗan taɓa fatar da wani tsinke. Ta ce mata kwalliya ake yi mata, ita kuwa sarauniyar ta miƙa ɗaya hannun wai shi ma a yi masa. Aka ce mu jira minti goma sha biyar kada ta sosa. Yaya, a littafi da tuni likita ya cire tabarau ya yi ajiyar zuciya, amma nan shiru kawai, ni ina riƙe da yatsunta ina kallon fata. Wurin ƙwai bai motsa ba, na madara da gyaɗa da kifi ma haka. Wurare biyu ne suka tashi jajir kamar cizon sauro.

Likita ya ce ɗaya na wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani, masu zama cikin ƙurar ɗaki, ɗayan kuma na fumfuna. Ya fara tambayata abin da ke ɗakin kwananmu, ko akwai kafet, ko bango yana jiƙa, ko muna ajiye tsofaffin takardu. Na buɗe baki zan ce babu, sai maigidana da ya raka mu ya juyo ya dube ni. A nan na tuna yadda gefen shafukan littattafanki ya yi ɗigo-ɗigo tun daminar da ruwa ya shigo mana, da ƙamshin nan nasu da nake so. Wato duk ranar da na ɗauke ta don in lallashe ta, a hancinta nake buɗe abin da ke shaƙe ta. Ban yi kuka a gaban likitan ba, sai da muka fito baranda. Likitan dai ya ce ba laifin kowa ba ne, a mayar mata da abincinta ɗaya bayan ɗaya, a riƙa wanke zanin gado da ruwan zafi duk mako, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, ya ba mu abin shaƙa na lokacin da numfashi ya matse. Littattafan kuwa ya ce su bar gidan.

Ga abin da nake jin nauyin faɗa miki. Ranar da za ki tafi kin ce amana ce, in riƙe miki su har ki dawo. Maigidan ya kai kwalin shagonsa, amma kafin nan na zare guda bakwai na ɓoye cikin kayan sawata, ina ce wa raina ai bakwai ba su da yawa. Kwana huɗu Kumatu ta yi ba tari. Rana ta biyar tana wasa a falo na shiga ɗaki na buɗe ɗaya, sai ga ta ta biyo ni da gudu ta haye cinyata wai a karanta. Kafin la'asar idanunta sun kumbura, sai da na yi mata amfani da abin shaƙar. Da babanta ya dawo na faɗa masa da bakina. Ya ce ba zai yi mini faɗa ba, don ya ga na riga shi.

Kwalin ya tsare masa wuri a shago, ga agogunan mutane ba sa son ƙura, don haka jiya na kai su duka wurin mai kitsonmu. Ta goge su ta jera a kan kantar shagonta, ta ce masu jiran layi za su huta da gulma. Na bayar da kayanki ban nemi izininki ba, Yaya, ki yafe mini. Idan ranki ya ɓaci ki faɗa mini kai tsaye, zan ɗauka. Yau da safe takwararki ta cinye ƙwai biyu ta nemi na uku, kuma na sa kunne a bayanta na ji numfashin yana fita sumul.

Alfarma ɗaya nake nema. Wanda na buɗe ranar nan, na matar da mijinta ya tafi aikin jirgin ruwa, saura shafi ashirin in gama, kuma na yi wa kaina alkawarin ba zan sake taɓa shi ba. In kin tuna ƙarshensa ki rubuto mini. In bai dawo ba ma ki faɗa mini gaskiya, yanzu ina iya ji.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Babban Yaya in kun haɗu, da 'yan biyunki da Auta. Inna da Baba da Goggo suna gaishe ki. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
ƙanwarki, Maman Kumatu